Jan biro kaɗai ba ya koyar da rubutu: darasi daga jami'o'in Amurka ga sabbin malamai

Duk shekara idan aka koma karatu a Amurka, ana danƙa wa matasa masu karatun Masta ko Dakta aji guda na ɗaliban shekarar farko, a ce su koya musu rubutu. Yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban allo ba. Saboda haka jami'o'i da dama ke tilasta musu wani darasi na musamman, kafin su shiga aji ko kuma a zangonsu na farko, inda ake koya musu nazari da dabarun koyar da rubutu. Abin da ake faɗa musu a wannan darasi ya samo asali ne daga muhawarar da malamai suka shafe fiye da shekara 100 suna yi, kuma ya shafi ƴaƴan ƴan Nijar da ke zaune a can, kamar yadda ya shafi duk matashin da aka ba tarin takardun ɗalibai ya duba a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa.

Daga Harvard zuwa New York

A shekarar 1874 jami'ar Harvard ta shigar da rubuta insha'i cikin jarrabawar ɗaukar ɗalibai. Fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su ci ba, alhali kuwa ƴaƴan manyan makarantu ne. Jami'ar ta ɗora laifin a kan makarantun sakandare, daga baya a 1885 ta wajabta darasin rubutu ga duk ɗan shekarar farko. Sauran jami'o'i suka bi sahu. Shekaru da yawa aikin malamin rubutu bai wuce abu biyu ba: ya ba da maudu'i, ya karɓi takardu ya cika su da jan biro.

Babban sauyi ya zo ne daga birnin New York. A 1969 ɗalibai baƙar fata da ƴan asalin Puerto Rico suka rufe ƙofofin kwalejin City College, suna neman a buɗe wa ƴaƴan talakawa hanyar shiga. A 1970 jami'ar birnin, wadda ake kira CUNY, ta fara karɓar duk wanda ya kammala sakandare a birnin. Sabbin ɗalibai suka tashi daga wajen 20,000 zuwa kusan 35,000 a shekara guda. Malaman da suka saba da ƴaƴan gata suka sami kansu gaban takardun da ba su san ta inda za su fara ba. Wasu suka yanke hukunci cewa waɗannan yara ba za su taɓa koyo ba.

Wata malama mai suna Mina Shaughnessy, wadda ke kula da shirin koyar da irin waɗannan ɗalibai, ta bi wata hanya. Ta tara rubuce-rubuce kimanin 4,000 na sabbin shiga, ta zauna ta tantance kura-kuran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. A littafinta mai suna Errors and Expectations, wanda ya fito a 1977, ta nuna cewa kura-kuran suna da tsari. Ɗalibin da ke maimaita kuskure iri ɗaya yana bin wata ƙa'ida ce da ya gina a kansa, ko daga harshen gida, ko daga wani darasi da ya fahimta rabi da rabi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Aikin malami shi ne ya gano ƙa'idar da ɗalibin ke bi, domin gyara ƙa'ida ɗaya na iya kawar da kuskure ashirin a shafi guda. Shaughnessy ta rasu a 1978, amma har yau littafin na cikin abin da ake ba sabbin malamai su karanta.

Misalin wannan yana kusa da mu. Bahaushen da ke rubutu da Faransanci zai iya sa wa kalmar rana jinsin mace, wata kuma jinsin namiji, domin haka suke a Hausa, alhali a Faransanci akasin haka ne. Haka nan ƙarshen kalmomin Faransanci da ake rubutawa amma ba a furtawa: wanda ya koyi harshen da kunne zai riƙa barinsu. Malamin da ya gane tushen matsalar zai yi bayani sau ɗaya, a wuce wurin. Wanda bai gane ba zai ja layi sau talatin, ya rubuta 6 cikin 20, ɗalibin kuma ya sake yin kuskuren a jarrabawa ta gaba.

Rubutu hawa-hawa ne

Darasi na biyu da ake koya wa sabbin malamai shi ne su daina kallon takardar ƙarshe kawai, su dubi hanyar da aka bi aka samo ta. A 1971 Janet Emig ta wallafa binciken da ta yi a kan ɗalibai takwas na ajin ƙarshe na sakandare, inda ta sa suna faɗin abin da ke ransu da baki yayin da suke rubutu. Ta ga cewa rubutun da makaranta ke sa su, zama ɗaya suke yi masa, ba shiri, ba komawa a duba. Shekara ɗaya bayan haka Donald Murray, ɗan jarida da ya koma koyarwa a jami'ar New Hampshire, ya kasa aikin gida uku: shiri kafin rubutu, rubutun farko, da sake rubutu. A ƙiyasinsa, shirin shi ke cin kusan kashi 85 cikin 100 na lokacin marubuci.

A 1973 Peter Elbow ya yaɗa wata dabara mai sauƙi: ɗalibi ya ɗauki biro ya yi ta rubutu na minti goma ba tsayawa, ba gogewa, ba tunanin nahawu. Manufar ita ce a raba aikin neman abin faɗa da aikin gyara, domin wanda ke tsoron kuskure tun daga jimlar farko sau da yawa ba ya kai wa ta biyu.

Nancy Sommers kuwa a 1980 ta kwatanta ɗalibai 20 da ƙwararrun marubuta 20. Idan aka ce wa ɗalibi ya gyara rubutunsa, sai ya canza kalma da wata kalma. Ƙwararre kuwa yana iya rushe tsarin gaba ɗaya, ya ɗauko sakin layi na ƙarshe ya mayar da shi farko, domin sai da ya kai ƙarshe ya gane abin da yake son faɗa. Wannan shi ya sa a ajin rubutu na Amurka ɗalibi kan miƙa aiki ɗaya sau biyu ko uku kafin a ba shi maki.

Me malami zai rubuta a gefen takarda?

Nan ne sabon malami ya fi shan wahala. A 1982 Sommers ta bi diddigin sharhin da malamai 35 na jami'o'in New York da Oklahoma ke rubuta wa ɗalibansu. Ta gano abu biyu. Na farko, yawancin sharhin ana iya cire shi daga wannan takarda a liƙa wa waccan ba tare da an lura ba, kamar hatimi. Na biyu, malami kan gyara waƙafi da harafi a cikin sakin layi, sannan ya rubuta a gefe cewa sakin layin gaba ɗaya yana buƙatar a sake shi. Ɗalibi ya rasa wanne zai bi, sai ya zaɓi mai sauƙin, ya gyara waƙafi ya bar tunanin yadda yake.

Daga nan aka fitar da ƙa'idar da ake koya wa sabbin malamai: a rubutun farko a yi magana a kan manyan abubuwa, wato mene ne ɗalibin ke son tabbatarwa, wace hujja ya kawo, yaya ya jera ta. Nahawu da ƙa'idojin rubutu su jira zagaye na ƙarshe. Kuma a taƙaita, abu biyu ko uku da ɗalibin zai iya aiki da su sun fi shafi cike da ja. Tambaya kamar "wa ya faɗi haka, kuma a ina?" ta fi kalmar "ba daidai ba" amfani, domin tana nuna masa inda zai nufa.

Ga ƙananan kura-kurai, Richard Haswell ya gwada wata hanya a 1983. Maimakon ya gyara, sai ya sa ɗan alama a gefen layin da ke da kuskure, ya mayar wa ɗalibi ya nemo da kansa. Ɗaliban suka gyara fiye da rabin kura-kuran ba tare da an nuna musu ba. Malami ya rage wa kansa aiki, ɗalibi kuma ya koyi karanta abin da hannunsa ya rubuta.

Inda masana suka saɓa

Ba a taru an zama ɗaya a kan komai ba, kuma darasin sabbin malamai ba ya ɓoye haka. Tun 1963 wani rahoto da Richard Braddock da abokan aikinsa suka fitar ya ce haddar ƙa'idojin nahawu ita kaɗai, a ware da rubutu, ba ta ƙara wa ɗalibi iya rubutu, tana ma cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun. Wasu malamai suka ɗauki wannan a matsayin izinin watsar da nahawu kwata-kwata.

Lisa Delpit, malama baƙar fata, ta ja musu kunne a 1988. Ta ce ɗan da ya tashi a gidan da ake magana da harshen jami'a ya riga ya san dokokin wasan, amma ɗan talaka ko ɗan baƙo sai an faɗa masa su ƙarara. Ɓoye masa su da sunan ba shi ƴanci zalunci ne, domin ranar neman aiki da waɗannan dokokin za a auna shi. A fannin masu rubutu da harshe na biyu ma an yi ta ja-in-ja: John Truscott a 1996 ya ce gyaran nahawu a takarda ba ya haifar da komai, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999 cewa gyaran da aka zaɓa, aka yi shi a fili, yana taimakawa. Ga ɗalibin da ya sha nono da Hausa ko Zabarmanci, yake rubutu da Faransanci ko Ingilishi, maganar Delpit da Ferris ta fi kusa da halin da yake ciki.

Ita ma ƙofar da aka buɗe a New York ba ta tsaya yadda take ba. A 1976 matsalar kuɗi ta sa CUNY ta fara karɓar kuɗin makaranta, a 1999 kuma aka yanke shawarar janye darussan cike giɓi daga manyan kwalejojinta. Ƴan ci-rani da ke da yara a can su sani cewa darasin rubutu na shekarar farko sharaɗi ne na samun digiri a yawancin jami'o'i, kuma kusan kowace na da cibiyar taimakon rubutu inda ɗalibi zai kai aikinsa a zauna da shi kyauta. Yaro ya je tun makon farko, kada ya jira sai ya faɗi.

Idan aji ya cika maƙil fa?

Ƙungiyar malaman rubutu na jami'o'in Amurka, wadda aka kafa a 1949, ta ba da shawarar kada ajin rubutu ya wuce ɗalibai 20. Matashin da ke koyarwa a jami'ar Abdou Moumouni, ko Dan Dicko Dankoulodo, ko André Salifou, ko Djibo Hamani zai yi murmushi idan ya ji wannan adadi, domin a shekarar farko ta Lisans zaure ɗaya na iya ɗaukar ɗaruruwa. Duk da haka akwai abin ɗauka wanda ba ya buƙatar kuɗi.

Minti goma na rubutu a farkon darasi ba sai an ba shi maki ba. Ɗalibai na iya musayar takardu bibbiyu, kowa ya rubuta wa ɗan uwansa a jimla ɗaya abin da ya fahimci takardar ke cewa. Idan jimlar ta saɓa da nufin marubucin, ya san inda gyara yake. Malami na iya ɗaukar takardu goma kawai, ya fitar da kura-kurai uku da suka fi yawa, ya yi bayaninsu a allo ga kowa. Yana iya nuna rubutu mai kyau da mai rauni a kan maudu'i ɗaya, ba tare da suna ba, a tattauna bambancinsu. Kuma babu laifi ɗalibi ya tsara tunaninsa da Hausa kafin ya zuba shi a Faransanci, musamman yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Zuwan ChatGPT a ƙarshen 2022 ya ƙara wa wannan hanya daraja. Malamin da ba ya ganin komai sai takardar ƙarshe ba shi da yadda zai san wanda ya rubuta ta. Wanda ya ga shirin farko, ya ga gyaran da aka yi, ya yi wa ɗalibi tambaya biyu a kan hujjarsa, shi ya san aikin wa yake dubawa.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce maki. Ɗalibin da bai koyi jera hujja a shekarar farko ba, shi ne zai maƙale a kan kundin kammala karatu bayan shekaru, ko ya biya wani ya rubuta masa. Gobe shi ne zai rubuta rahoton asibiti, ko takardar shari'a, ko wasiƙar neman tallafi ga ƙauyensu. Sabon malamin da zai ɗauki jan biro a wannan shekara, kafin ya ja layin farko, ya karanta takardar har ƙarshe ya tambayi kansa abin da yaron ke ƙoƙarin faɗa.