Haruffan Futura Masu Karkata da Amfaninsu a Ajin Hausa

Idan aka ce salon haruffa, ana nufin kamannin da aka tsara wa haruffan ɗab'i domin su dace da juna a kan shafi. Wani salon yana da 'yan ƙafafu a ƙarshen sandar kowane harafi, wani kuwa ba shi da su. Daga cikin marasa ƙafafu, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Futura, wanda wani Bajamushe mai suna Paul Renner ya tsara, kamfanin Bauer na birnin Farankfot ya fitar da shi a shekarar 1927. Da shi aka rubuta allon da 'yan sama jannatin Amurka suka bari a duniyar wata a 1969.

An gina haruffan Futura ne bisa da'ira da alwatika da miƙaƙƙen layi. Harafin O kusan cikakkiyar da'ira ne, kan A kuwa tsini ne, kuma kaurin layi kusan ɗaya ne ko'ina. Ƙaramin a da'ira ce da sanda, tamkar yadda ake koya wa yaro a aji ɗaya.

Nau'insa mai karkata ya bambanta da rubutun tsutsa na asali, wanda Aldus Manutius ya fara buga littattafai da shi a birnin Benis a 1501. Wancan kwaikwayon rubutun hannu ne, yana sauya surar harafi. A Futura kuwa surar tana nan, an dai kishingiɗar da harafin ne zuwa dama, sai da'ira ta koma kamar ƙwai. Karkatar tana sa ido ya ga kamar kalmar na gudu, shi ya sa masu talla ke son sa.

Ga malami, wannan salo ya dace da kanun darasi, da sunan littafi, da kalmar da ake son jaddadawa. Bai dace da dogon nassi ba, balle ga mai koyon karatu. Dalili kuwa shi ne b da d da p da q duk da'ira ɗaya ce da sanda ɗaya, wurin zaman sandar kawai ya raba su, ga kuma karkata ta ƙaru a kai.

Matsalar ta fi tsanani a Hausa, inda 'yar lanƙwasa ke raba bata da ɓata, ko kafa da ƙafa. Salo da yawa ba su ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, su fito daban a tsakiyar kalma. Saboda haka kafin a buga takardar jarrabawa ko katin karatu, ya kamata malami ya gwada waɗannan haruffa, manya da ƙanana, a tsaye da kuma a karkace. Idan ba su fito daidai ba, akwai Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman domin masu koyon karatu, kuma yana ɗauke da su duka.