Taliyar Italiya Wadda Ba Ta Bukatar Nama

A arewacin Italiya akwai wata taliya da ake dafawa ba nama, sai laimar kwaɗi, da radikiyo, wato wani jan ganye mai ɗaci, da kuma cukun Gorgonzola. Shi wannan cuku ya ci sunan wani gari ne kusa da Milan. Da madarar shanu ake yinsa, a huhhuda shi don iska ta shiga, shuɗiyar fumfuna ta yaɗu, sa'an nan a ajiye shi aƙalla kwana 50.

Uwargida takan soya laimar da man zaitun har ruwanta ya ƙone. Sai ta zuba ganyen, zafi ya kashe masa ɗaci, ta narka cukun da ɗan ruwan taliyar, ta juya duka tare. Gishiri kaɗan ya isa, gama cukun yana da nasa.

Amma fa a yi hattara. Wata laimar daji guba ce mai lalata hanta, don haka ta kasuwa ake saye. Kuma da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da Gorgonzola, shi ya sa masu ƙaurace wa nama ɗungum sukan nemi wani cukun dabam.