Sanda, Inuwa da Girman Duniya: Waiwaye Kan Shirin Cosmos

A shekarar 1980 ne gidan talabijin na PBS da ke Amurka ya fara nuna wani shiri mai kashi 13 da ake kira Cosmos. Mai gabatar da shi, Carl Sagan, malamin ilimin taurari ne a Jami'ar Cornell, kuma tare da Ann Druyan da Steven Soter suka rubuta shi. Shirin ya zagaya da mai kallo ko'ina, daga duniyoyin da ke kewaya rana har zuwa taurarin da haskensu ke shafe miliyoyin shekaru kafin ya iso gare mu. Amma ni, a matsayina na malamin makaranta, abin da ya fi tsaya mani a rai wata 'yar sanda ce.

A kashi na farko Sagan ya ba da labarin Eratosthenes, shugaban babban ɗakin karatu na Iskandariya a Masar, fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Mutumin nan ya sami labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, akwai wata rana a watan Yuni da idan rana ta take, sandar da aka kafa ba ta yin inuwa, har ana ganin hasken rana a ƙasan rijiya. A Iskandariya kuwa, a wannan lokaci, sanda na da inuwa. Da wani ne sai ya ce abin mamaki ba ya ƙarewa, ya wuce abinsa. Shi kuwa sai ya auna. Ya tarar karkatar inuwar ta kai digiri 7, wato kusan kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Tsakanin garuruwan biyu akwai kimanin kilomita 800. To, 800 sau 50 nawa ke nan? Kilomita 40,000, kusan daidai da kewayen duniya kamar yadda muka sani a yau.

Sagan bai tsaya ga baki ba. Ya ɗauko taswirar Masar a kan kwali da 'yan ginshiƙai biyu, ya lanƙwasa ta, nan take inuwar ɗaya ta bambanta da ta ɗayan. Ko yaro ya ga wannan ya gane ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Mu kuwa shekara nawa muka yi muna rubuta 40,000 a allo, yara su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su manta?

Gaskiya shirin ya tsufa a wasu wurare. A lokacin ana ƙiyasta shekarun sararin samaniya biliyan 15, yanzu masana sun tsaya a kan 13.8. Ba a kuma san ko duniya ɗaya mai kewaya wani tauraro ba, alhali an gano fiye da 5,000 zuwa shekarar 2022. Sagan ya rasu a 1996, Neil deGrasse Tyson ya gabatar da sabon zubi a 2014.

Jama'a, gwajin sandar nan bai fi ƙarfinmu ba, mun ma fi mutanen Turai sa'a, don rana ba ta taɓa tsayawa daidai bisa kansu. A wajajen Maraɗi da Damagaram tana yin haka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Na Agusta hadari kan ɓata shi, don haka Afrilu ya fi. Abin da ake bukata shi ne miƙaƙƙiyar sanda, da magwajin kwana, da wani malami a gari mai nisa kudu ko arewa da naka wanda zai auna tasa inuwar a ranar.