Kiɗa da Waƙa a Matsayin Magani a Ɗakin Kulawa ta Musamman: Matsalar Suna da Halin Masu Jinya

1.0 Gabatarwa

Ɗakin kulawa ta musamman, wanda wasu 'yan jarida ke kira ɗakin gobe-da-nisa, shi ne sashen asibiti inda ake kwantar da wanda rayuwarsa ta dogara ga na'urori. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake amfani da kiɗa da waƙa a irin wannan ɗaki, da tasirinsu a kan dangin maras lafiya, sannan ta tsaya a kan wata matsala ta harshe da ke fuskantar duk mai son kawo wannan hanya ga Bahaushe. An ɗauki Kurudu, wata unguwa ta gefen Abuja da ke kan hanyar Karshi, a matsayin madubi, saboda a nan Gbagyi da Hausawa da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista, suke zaune wuri guda.

2.0 Abin da Bincike ya Nuna

Jinya da kiɗa a matsayin fannin ilimi ta kafu ne a Amurka, inda aka buɗe kwas ɗin digiri na farko a Jami'ar Jihar Mishigan a 1944, lokacin da ake kai makaɗa asibitocin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma tunanin ya girmi haka nesa ba kusa ba. Asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta Turkiyya a 1488 ya shahara da yi wa marasa lafiya magani da kiɗa da ƙarar ruwa.

A 2013 Linda Chlan da abokan aikinta suka buga sakamakon nazarin marasa lafiya 373 da ke kan na'urar taimakon numfashi a asibitoci 5 na yankin Miniyafolis. An ba wasu daga cikinsu damar sauraron abin da suka zaɓa, a lokacin da suka ga dama. Zuwa kwana na 5, fargabarsu ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku idan aka gwada da waɗanda ba a ba wa ba, kuma an rage musu allurar sa barci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sauti mai taushi, wanda bugunsa yake tsakanin 60 zuwa 80 a minti, yana kusa da bugun zuciyar mai hutawa, yana kuma danne kukan na'urorin da ke hana barci. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane suna cikin hayyacinsu, kuma su suka zaɓa da kansu.

3.0 Mai Jinya

Kalmar jinya a Hausa tana da baki biyu: wanda ke kwance yana jinya, wanda ke zaune kusa da shi ma yana jinya. Harshen ya riga likitoci gane cewa cuta ba ta kama mutum ɗaya. A Faransa, Elie Azoulay da jama'arsa sun gano a 2005 cewa kimanin kashi 33 cikin ɗari na dangin waɗanda aka kwantar a irin wannan ɗaki suna nuna alamun firgita mai tsanani bayan kwana 90.

A asibitocinmu mai jinya shi ne mai sayo magani, mai neman jini, mai kawo abinci da wankin kaya. Idan aka mayar da ɗan'uwansa ɗakin kulawa ta musamman, sai a bar shi a baranda, a ba shi 'yan mintuna na dubiya. Mutumin Kurudu wanda nasa yake Babban Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, sai ya ratsa Jikwoyi da Karu cikin cunkoson motoci kafin ya iso, ya shiga ya tarar da mahaifinsa da bututu a baki, ba halin magana. Bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. A nan ne sauti yake da amfanin da ba a cika faɗa ba, wato yana ba mai jinya aikin yi. Shi kaɗai ya san abin da tsohon yake saurare da asuba. Likita bai sani ba, kuma ba zai sani ba sai ya tambaya.

Nazarin Joanne Loewy na 2013 a kan jarirai bakwaini 272 a asibitoci 11 na Amurka ya ƙarfafa wannan. An rera wa jariran waƙar reno da iyayensu suka zaɓa, sai aka ga numfashi da tsotson jariran sun daidaita, damuwar iyayen kuma ta sauka. Hujjar da ake da ita a kan dangin manya ba ta kai wannan ƙarfi ba, don haka bai kamata a yi ta zuzuta ta ba.

4.0 Matsalar Suna

Bahaushe ba shi da kalma ɗaya da ta tattara duk wani sauti mai tsari. Yana da kiɗa, da busa, da waƙa, da bege, kowanne da muhallinsa da darajarsa. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce wa iyali za a sa wa mahaifinsu kiɗa, abin da zai zo musu a rai shi ne kalangun biki, kuma za su ɗauka wulaƙanci ne ga dattijon da ke tsakanin rai da mutuwa. Idan kuwa ta haɗa kiɗa da magani a jumla guda, to ta ambaci bori ke nan ba tare da ta sani ba. A girka, da garaya ko goge ake kiran iskoki, kowane iska da takensa, kamar yadda Fremont Besmer ya bayyana a littafinsa na 1983 a kan 'yan borin Kano. Ashe jinya da kiɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunanta ne ya ɓaci tun bayan jihadi. Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, kuma manazarta da dama suna ganin ta yi ne domin ta ba mata abin da zai maye gurbin bori.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Karatun Alƙur'ani ba kiɗa ba ne, ba kuma waƙa ba ce, kuma duk takardar asibiti da ta jera shi a ƙarƙashin waɗannan sunaye ta jawo wa kanta rigima. Amma shi ne sautin da yawancin iyalan Musulmi suke sa wa marasa lafiyarsu ta wayar hannu, ba tare da jiran izinin kowa ba. Bege da Ishiriniya da Imfirajin Aliyu Namangi suna tsakiya, ana rera su, amma ba a jin kunyarsu a gaban malami. Maƙwabcinsa Kirista na Kurudu kuwa, littafin waƙoƙin majami'a na Hausa zai ɗauko, kuma a wurinsa kalmar waƙa ba ta da wani aibi.

Saboda haka muna ganin fassara sunan fannin kai tsaye kuskure ne. Jinya da sauti ya fi dacewa, domin sauti bai zaɓi kowa ba. Tambayar da ta kamata a yi wa mai jinya ita ce: me Baba yake son ji? Sannan a sa masa ta abin toshe kunne, ba ta lasifika ba, tun da gadon da ke kusa na iya zama na mai wani addini. A kuma taƙaita lokaci, a riƙa duban fuskarsa da bugun zuciyarsa, domin waƙar da ta kwantar wa wani hankali tana iya tuna wa wani mamacinsa, ga shi kuwa ba shi da bakin cewa a kashe.