Shirin Musamman: Kokowar Dandali, ta Takobi da ta Sikeli a Magarya da Dungas

Kokowa ita ce wasan da ya fi kowanne tara jama'a a Jamhuriyar Nijar, kuma gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, suna cikin wuraren da ta yi saiwa. Ƙasa ce ta manoman gero da gyaɗa da wake da riɗi, ƙauye na kallon ƙauye tun daga Bande da Waca da Sasumburum har zuwa Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Dungas ma a cikin Magarya take kafin a ba ta gundumarta a shekarar 2011. Masoya kokowa a wannan yanki sun san ta ta fuska uku, kuma ba ɗaya suke ɗaukarsu ba.

Ta asali ita ce kokowar kaka. Idan an cika rumbuna, jiki ya murmure daga wahalar damina, samarin wani gari kan ɗauki makaɗansu su tafi wani garin neman kaye. Jama'a su yi da'ira a dandali, ganga ta kira ɗan kokowa da takensa, shi kuma ya fito da layu da guraye yana kirari, yana ambaton waɗanda ya taɓa kayarwa. Ba agogo, ba sikeli. Tsofaffin 'yan kokowa ne ke raba gardama idan ta tashi, kuma abin da ake samu bai wuce goro da liƙin kuɗi ba. Babban ladan shi ne suna. A nan ɗan kallo ya san ɗan kokowar, ya san mahaifinsa, ya san gonarsu, shi ya sa idan aka kayar da shi ake jin kamar garin ne duka ya taɓa ƙasa. Wannan kusanci ne dattawa ke nufi idan suka ce kokowar dandali ta fi daɗi, kuma da wuya a musa musu.

Ta biyu ita ce kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa na farko. A tsarinta na yau kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokowa goma, su tamanin ke nan, a kwashe kimanin kwana goma ana karawa. Waɗanda ba a kayar ba su ake ta haɗawa har a rage mutum biyu, wanda ya yi kaye a karon ƙarshe ya ɗauki takobi. Gasar tana zagaya manyan biranen jihohi, kuma filayen suna ɗauke da sunayen mazajen jiya: na Damagaram sunan Langa-Langa, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani.

Kwanakin takobi suna canza tafiyar gari. Manomi yana lambu da rediyo a rataye, yana bin Muryar Sahel. Mai shayi da ke da talabijin da farantin sola yakan ga taron da bai saba gani ba, yara a ƙasa, manya a benci. Kafin dare hoton kayen da aka yi da la'asar ya gama wayoyi ta WhatsApp, har ya tsallaka zuwa Babura da Maigatari a jihar Jigawa ta Nijeriya, inda dangi da abokan kasuwa suke. Mutum yana goyon bayan Damagaram da farko, amma gwani ba ya rasa masoya ko daga ina ya fito. Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, misali ne.

Gardamar masu kallo a kan agogo da alƙali take. Masu ra'ayin dā suna cewa ƙayyade lokaci ya haifar da kokowar tsoro: ɗan kokowa ya duƙa, ya tsare ƙafafunsa, ya jira a busa, a tashi canjaras ba a ga komai ba. Suna kuma jin zafin a ce gargaɗin alƙali ya raba mazaje biyu alhali babu wanda bayansa ya taɓa yashi. Masu goyon bayan tsarin suna da hujja mai ƙarfi su ma. Mutum tamanin ba za su gama cikin kwana goma ba in ba a sa iyaka ba, kuma takobi ne ya mai da kokowa abin da ke kawo wa ɗan manomi kuɗi da kyaututtuka da suna a ƙasa baki ɗaya. Gaskiyar ita ce laifin bai cika zama na agogo ba. Inda alƙali ya matsa wa mai nuƙu-nuƙu tun da wuri, karo yakan yi armashi.

 

Ta uku ita ce kokowar ƙasa da ƙasa, irin wadda ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta riƙa shiryawa, inda ake auna 'yan kokowa a raba su rukuni-rukuni bisa nauyi. Ana murna idan ɗan Nijar ya kayar da ɗan Senegal ko na Nijeriya, amma zumuɗin bai kai na takobi ba. Dalilin a fili yake: sikeli ya kawar da abin da ɗan kallo ya fi ƙauna, wato ranar da siririn yaro zai shammaci ƙato da dabara ya shimfiɗe shi. Salon Senegal kuwa, mai haɗe da naushi, Bahaushe yakan ga ya fi kusa da dambe.

Cikin ukun, ta dandali ce ke fuskantar matsi. Samari da yawa suna tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, daidai lokacin da ya kamata ganga ta tashi. Ƙwallon ƙafa na Turai ya ja wasu zuwa gidajen kallo, wasu malamai kuma suna ƙyamar layu da kiɗan da ke tattare da wasan. Sai dai har yanzu zaɓen goman da za su tsaya wa jihar Damagaram daga ƙasa yake farawa, daga ƙananan hukumomi zuwa gunduma, sannan babban birnin jiha.