Sirrin Tsohon Wurin Aiki a Teburin Intabiyu

Daura ta sauya fuska a 'yan shekarun nan. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Matasanmu daga Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa kullum suna kan hanya da takardu a hammata. Duk inda suka nufa, wata buƙata na iya tasowa a wurin intabiyu wadda makaranta ba ta shirya su a kanta ba: "Kawo mana samfurin aikin da ka yi a inda ka baro."

Buƙatar ba laifi ba ce, don ba a cinikin biri a sama. Matsalar tana cikin abin da za a kawo. Aikin da akanta ya fi alfahari da shi yana ɗauke da ribar kamfani da basussukansa. Na injiniya yana ɗauke da farashin da tsohon maigidansa ya sa a takardar neman kwangila. Na ma'aikaciyar asibiti kuwa sunayen marasa lafiya ne da cututtukansu. Hannunmu ne ya rubuta, amma ajiya ce aka ba mu.

Da yawanmu mun ɗauka cewa ranar da muka miƙa makullin ofis, ranar amanar ta faɗi. Labarin Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, da ke cikin Sahihu Muslim ya rushe wannan zato. Yana yaro, Annabi (SAW) ya aike shi, ya makara wajen komawa gida. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi aiken, ya ce sirri ne, ita kuwa ta hore shi da kada ya faɗa wa kowa. Shekaru bayan wafatin Annabi (SAW), Anas ya ba ɗalibinsa Sabit labarin, ya rantse masa cewa da zai faɗa wa wani, da shi zai faɗa wa. Hidimar ta ƙare tuntuni, sirrin bai fita ba.

Wani zai ce: "To, ni da aka sallame ni ba a biya ni albashin wata uku ba fa?" Zalunci ne, kuma neman hakki a gaban hukuma ko kotu halal ne. Amma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya hana mu ha'intar ko da wanda ya ha'ince mu. Balle ma mutanen da sunayensu ke cikin fayil ɗin ba su ci mana komai ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta hana miƙa irin waɗannan bayanai ga wani ba bisa ƙa'ida ba. Idan kuwa ɓarna muka gani a tsohon wurin, hukumar da ta dace ake kai wa, ba masu intabiyu ba.

Mafita tana nan. Mu nemi izinin tsohon wurin a rubuce. Mu kawo abin da aka riga aka fitar wa jama'a. Ko mu ƙirƙiri sabon samfur da sunaye da alƙaluman da ba na kowa ba, mu faɗa cewa haka muka yi. Goge suna kawai ba ya wadatarwa. A gari kamar Daura, ambaton unguwa da sana'a ya isa a gane mutum. Wanda muka fi so shi ne mai nema ya ce: "Ranka ya daɗe, wancan aikin amana ne. A ba ni makamancinsa yanzu in yi a gabanku."

Ana iya rasa aikin saboda wannan amsa, kuma ga mai iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai aya ta 26 ta Suratul Ƙasas, a ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, ta haɗa ƙarfi da amana wuri guda a siffar wanda ya fi cancanta a ɗauka. Masu zama a ɗaya gefen teburin su ma su duba: wanda ya buɗe musu fayil ɗin tsohon maigidansa yau, da nasu fayil ɗin zai je intabiyu na gaba. Wanda kuma ya nace sai ya ga farashin abokin gogayyarsa, ba ma'aikaci yake nema ba.