Zaɓen Majalisar Dattawan Italiya na 1948: Yadda Yanki Ya Zama Fagen Gasar Jam'iyyu

A ranar 18 ga Afrilun 1948 mutanen Italiya suka zaɓi majalisun dokokinsu biyu, karo na farko a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin jamhuriya, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun wannan shekara, bayan ƙasar ta fito daga mulkin kama-karya na Mussolini da Yaƙin Duniya na Biyu da kuma yaƙin basasar da ya ci arewacinta daga 1943 zuwa 1945. Masana tarihi sun fi mayar da hankali ga sakamakon majalisar wakilai, inda Jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta Kirista, wadda ake taƙaita sunanta da DC, ta samu kashi 48.5 cikin ɗari na ƙuri'u da kujeru 305 daga cikin 574. Amma zaɓen majalisar dattawa, wanda aka gudanar yanki-yanki, shi ne ya fi bayyana irin dabarar da shugabannin jam'iyyu suka yi amfani da ita don su yi gasa mai zafi ba tare da wanda ya sha kaye ya rasa wurin zama gaba ɗaya ba.

Majalisar dattawan da Italiya ta sani a zamanin sarauta ba zaɓaɓɓiya ba ce, domin sarki ne yake naɗa 'ya'yanta, su kuma zauna har ƙarshen rayuwarsu. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a ranar 2 ga Yunin 1946, kusan kashi 54 cikin ɗari na masu zaɓe suka zaɓi jamhuriya a kan sarauta, sai majalisar tsara kundin mulki ta yanke shawarar a ci gaba da majalisu biyu masu iko daidai wa daida, wato babu dokar da za ta tabbata sai dukansu sun amince da ita, kuma babu gwamnatin da za ta tsaya sai ta samu ƙuri'ar amincewa daga kowaccensu. Domin kada ta biyu ta zama kwafin ta farko, aka bambanta su ta hanyoyi da dama: mai zaɓen sanata sai ya kai shekara 25, ɗan takara sai ya kai 40, wa'adin majalisar dattawa shekara shida ne maimakon biyar, sannan sashe na 57 na kundin ya ce za a zaɓe ta ne bisa tushen yanki. Kowane yanki ya samu sanata ɗaya a kan kowane mutum 200,000, babu kuma yankin da zai gaza sanatoci shida, in ban da ɗan ƙaramin yankin Valle d'Aosta mai sanata ɗaya. Wannan ya sha bamban da tsarin Nijeriya, inda kowace jiha take da sanatoci uku komai yawan jama'arta. Abin lura kuma shi ne, yawancin waɗannan yankuna ba su da gwamnati ko majalisa tasu sai a 1970, saboda haka fiye da shekara ashirin babban aikinsu a siyasa shi ne zama ma'aunin rabon kujerun sanatoci.

Takaddama ta taso ne a kan yadda za a yi zaɓen a cikin yankin. Tsofaffin 'yan siyasa masu ra'ayin sassauci, waɗanda suka yi suna tun kafin zuwan Mussolini, sun fi son mazaɓa mai kujera ɗaya, inda mutum yake cin zaɓe da sunansa da mutuncinsa a garinsu, kuma tsohon firaminista Francesco Saverio Nitti ya yi nasarar sa majalisar tsara kundin ta amince da wannan ƙa'ida a 1947. Jam'iyyar DC kuwa, wadda ƙarfinta yake ga tsari da yawan magoya baya, ta fi son rabon kujeru bisa kason ƙuri'un kowace jam'iyya. Dokar zaɓen da aka zartar a Fabrairun 1948 ta haɗa biyun ta wata hanya mai wayo, bisa gyaran da ɗan DC Giuseppe Dossetti ya gabatar: an yanka kowane yanki zuwa mazaɓu, kowace jam'iyya ta tsayar da mutum ɗaya a kowace mazaɓa, amma ɗan takara ba zai ci kujerar kai tsaye ba sai ya samu kashi 65 cikin ɗari na ƙuri'un mazaɓarsa. A ƙasar da jam'iyyu suka yi yawa, wannan shinge ne da 'yan kaɗan kawai suke iya tsallakewa, kuma waɗanda suka tsallake shi a 1948 kusan dukansu 'yan DC ne daga yankunan karkara na arewa inda coci yake da ƙarfi.

Duk mazaɓar da ba a kai wannan kaso ba, sai a kwashe ƙuri'unta a zuba cikin lissafin yanki, a tara abin da 'yan takarar kowace jam'iyya suka samu, a raba kujerun da suka rage da ƙa'idar D'Hondt, wadda ta samo sunanta daga wani masanin shari'a ɗan ƙasar Beljiyam. Ƙa'idar ita ce a raba jimillar kowace jam'iyya da ɗaya, da biyu, da uku, haka har gaba, sannan a ba da kujerun ga lambobin da suka fi girma. A ƙaddara yanki mai kujeru shida inda jam'iyya ta farko ta samu ƙuri'u 330,000, ta biyu 200,000, ta uku 70,000. Lambobin ta farko za su kasance 330,000 da 165,000 da 110,000 da 82,500, na ta biyu 200,000 da 100,000 da kusan 66,700, ita kuwa ta uku babbar lambarta 70,000 ce, saboda haka ta farko za ta ɗauki kujeru huɗu, ta biyu ta ɗauki biyu, ta uku ta tashi a tutar babu duk da tana da fiye da kashi 11 cikin ɗari. Da kujerun bakwai ne, da ta bakwai ta faɗa hannun jam'iyya ta uku. Wannan ne ya sa ƙananan jam'iyyu suke shan wuya a ƙananan yankuna, suke kuma samun sarari a manya, har wasu daga cikinsu suka riƙa tsayar da ɗan takara na haɗin gwiwa a zaɓen dattawa alhali kowacce tana cin gashin kanta a na wakilai.

Bayan an san yawan kujerun kowace jam'iyya, sai a jera 'yan takararta bisa kason da kowa ya samu a mazaɓarsa, na sama su shiga majalisa. Sakamakon haka, abokin hamayyar ɗan takara na gaskiya sau da yawa ɗan jam'iyyarsa ne da yake tsaye a wata mazaɓa, domin shi ne zai iya ture shi daga jerin. Haka kuma mazaɓa ɗaya tana iya fitar da sanatoci biyu ko uku daga jam'iyyu daban-daban, maƙwabciyarta kuma ta ƙare ba ta da ko ɗaya, mutum ma yana iya zuwa na ɗaya a mazaɓarsa ya rasa kujera, wanda ya zo na uku a wani wuri ya samu. Tun da kowa ya san mazaɓun da jam'iyyarsa take da ƙarfi, rabon mazaɓu ya zama babban makami a hannun shugabannin jam'iyya, waɗanda suke ba wanda suke so mazaɓa mai tabbas, su tura wanda ba su damu da shi ba inda zai tara wa jam'iyya ƙuri'u kawai.

Yankin Lombardiya, mafi yawan jama'a da masana'antu a ƙasar, wanda ya zaɓi sanatoci 31 a 1948, ya nuna wannan tsari a fili, domin ya ƙunshi Italiya biyu a wuri ɗaya. A garin Sesto San Giovanni da ke gefen Milan, inda masana'antun ƙarfe na Falck da Breda suka tara dubban ma'aikata, jam'iyyar Kwaminis ta yi kaka-gida har ake yi wa garin laƙabi da Stalingrad ta Italiya, haka nan ma'aikatan gona na filayen kogin Po a wajajen Mantuwa da Pavia sun daɗe da bin 'yan gurguzu. A kwaruruka da tuddan Bergamo da Brescia da Como da Sondrio kuwa, ƙananan manoma masu gonar kansu sun rataya ne ga limamin cocin ƙauye da ƙungiyoyin Katolika da bankunan taimakon kai da kai. A kan takardar ƙuri'a mai zaɓe yana ganin garkuwa mai gicciye, tambarin DC ta firaminista Alcide De Gasperi, yana kuma ganin fuskar Garibaldi, tambarin ƙawancen da Kwaminis ƙarƙashin Palmiro Togliatti suka ƙulla da jam'iyyar Soshalis ta Pietro Nenni.

Abubuwa da yawa sun taru sun karkatar da ma'auni zuwa ga DC. A Janairun 1947 Giuseppe Saragat ya ɓalle daga jam'iyyar Soshalis da masu adawa da ƙawance da Kwaminis, ɓallewar da ta yi wa jam'iyyar illa sosai a Milan, cibiyarta ta asali, a watan Mayu kuma De Gasperi ya fitar da jam'iyyun hagu daga gwamnati. A Fabrairun 1948 Kwaminis suka ƙwace mulki a Cekoslobakiya, abin da ya tsorata masu matsakaicin ra'ayi, Amurka kuma ta nuna ƙarara cewa tallafinta na sake gina Turai, wato Shirin Marshall, ba zai je ga gwamnatin da Kwaminis suke jagoranta ba, yayin da kwamitocin Katolika da Luigi Gedda ya shirya suka bi gida-gida suna fitar da mutane, har tsofaffi da marasa lafiya. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu rajista suka kaɗa ƙuri'a. A Lombardiya DC ta ɗauki fiye da rabin kujerun, amma ƙawancen hagu ya samu kusan kashi ɗaya bisa uku, jam'iyyar Saragat ma ta samu rabonta, alhali da mai rinjaye ne yake kwashe kowace mazaɓa, da 'yan hagu ba su tsira da komai ba sai 'yan tsirarun mazaɓu. A ƙasa baki ɗaya DC ta ci kujeru 131 daga cikin 237, ƙawancen hagu ya ci 72.

Duk da haka DC ba ta samu rinjaye ita kaɗai a zauren ba, saboda wani tanadi na wucin gadi a kundin ya shigar da mutane fiye da ɗari cikin majalisar dattawa ta farko ba tare da zaɓe ba. Cikinsu akwai tsofaffin firaministoci irin su Nitti da Orlando da Bonomi, wanda ya zama shugaban majalisar, da 'yan majalisar da gwamnatin Mussolini ta kora a Nuwamban 1926, da waɗanda suka yi aƙalla shekara biyar a kurkuku bisa hukuncin kotun musamman ta wancan mulki, kamar Umberto Terracini na Kwaminis da Sandro Pertini na Soshalis. Da yake 'yan hagu ne suka fi shan ɗauri, su ne suka fi cin moriyar wannan sharaɗi, dole kuma De Gasperi ya ci gaba da gwamnatin haɗaka da ƙananan jam'iyyun tsakiya.

Bambance-bambancen da aka gina tsakanin majalisun biyu sun riƙa dushewa da tafiyar lokaci. An rushe majalisar dattawa kafin wa'adinta a 1953 da 1958 domin zaɓenta ya zo daidai da na wakilai, a 1963 kuma aka mayar da wa'adin shekara biyar, aka tsayar da zaɓaɓɓun kujeru a 315. Shingen kashi 65 kuwa ya rayu shekara 45, ya ba Kwaminis da sauran 'yan adawa wakilci a kowane babban yanki, ya kuma bar DC a cikin kowace gwamnati ba tare da an taɓa yin canjin hannu na gaskiya ba. Da badaƙalar cin hanci ta girgiza manyan jam'iyyu a farkon shekarun 1990, masu neman sauyi suka ga cewa goge wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya mayar da dokar ta mai rinjaye, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta Afrilun 1993 fiye da kashi 80 cikin ɗari suka amince a goge shi. DC ta wargaje a farkon 1994, zaɓen da aka yi a watan Maris na wannan shekara kuma ya gudana ne tsakanin manyan ƙawance, inda aka cike kashi uku bisa huɗu na kujerun dattawa da wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓarsa.